Rijiyar Hankurau a Ƙasar Magajiyar Gaɓa

Waɗanda suka riga mu jin labarin duniya sun ce, can inda ƙasa ta ƙare ta bar wa ruwa wuri, akwai wani shimfiɗaɗɗen fili, ba tudu ba kwari, tafiyar kwana tara a ƙafa, kuma duk faɗinsa mallakar wata aljana ce da ake kira Magajiyar Gaɓa. Teku a wurin ba ta san zama wuri ɗaya ba. Safe da yamma takan taso ta shigo filin har inda ido ya gaji, sannan ta koma ta bar laka da ƙaguwa. Bayan filin kuma tsibirai ne birjik, wasu na laka, wasu na yashi, wasu dutse zalla, ba ɗan Adam ɗin da ya taɓa kwana a cikinsu.

Nan mutanen Kwarin Gawo suka iso bayan wata bakwai suna tafe. Rijiyoyin garinsu ne suka ƙafe rana ɗaya, kamar an cire musu toshiya daga ƙasa, suka kwashe ya-nasu-ya-nasu suka nufi kudu. Gida arba'in da uku suka taso, gida talatin da ɗaya suka iso. Ranar da suka sauka, suka ga fili fes kamar an share, suka yi godiya ga Allah, suka kafa bukkoki, suka ɗaure jakuna. Da la'asar teku ta zo ta karɓi wurinta. Mutumin tudu ina ya san ruwa yana da lokacin zuwa da na tafiya? Jakuna huɗu suka tafi, da rabin hatsi. Suka ja da baya zuwa wani ɗan tsiririn tudu mai ƙaya, suka zauna suna lallaɓa ruwan saman da suka tara a tuluna.

A cikinsu akwai wani dattijo, Hankurau, mahaƙin rijiya, ɗan mahaƙi, jikan mahaƙi. Ba shi da yawan magana, amma ka taɓo masa zurfin rijiya ka ji baki. Mafi gajartar rijiyar da ya haƙa a gida gaba goma sha huɗu ce, kuma har ya bar garin yana jin kunyarta. Yanzu idon kowa yana kansa. Rijiya goma sha ɗaya ya haƙa a filin nan, kowacce ta ba shi zartsi wanda ko akuya sai ta kawar da kai. Gwiwoyinsa suka kumbura, bayansa ya ƙi miƙewa, ya kai ga in ya sunkuya ɗaukar dagi sai ya tsaya ya yi shawara da ƙugunsa.

Yayarsa Marka, wadda ta goye shi yana jariri, tana kwance a bukka, ƙafafunta sun haye saboda zartsin da take sha a ɓoye don ta bar wa jikoki ruwan tulu.

Ya ce, "Yaya, ki daina shan ruwan nan, zai kashe ki."

Ta ce, "To ka kawo wani mana. Ni ban ga abin da ka fi ni ba, kai kana haƙa kana sha, ni ina kwance ina sha."

Ya saɓi dagi ya tafi haƙa rijiya ta goma sha biyu.

Rana ta take tsaka yana ƙasan rami, ya ɗaga dagi ya kafta, sai ya ji ƙarfen ya bugi wani abu mai amo kamar ƙyaure. Kafin ya sake ɗagawa ƙasa ta zame daga ƙarƙashinsa, ya rufta, ya dira a tsakiyar wani zaure wanda ginshiƙansa gishiri ne, daɓensa kuwa ruwa ne da ba ya jiƙa ƙafa. Ya ɗaga kai ya ga rufin ya huje wuri goma sha ɗaya, yashi yana zuba ta kowace huda, an tara tasoshi a ƙasa. Ga kuma ta goma sha biyu, wadda ya faɗo ta ciki. A ƙarshen zauren wata mace ce zaune a kan kunkuru mai girman rumbu, gashinta yana ɗiga, ta rafka tagumi.

Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, kai ne mai huda mini rufi?"

Hankurau ya zube ya ce, "Allah ya ja zamaninki, ban san da gida a ƙasa ba. Ruwa nake nema."

"Ruwa ya kewaye ka gabas da kudu da yamma."

"Ranki ya daɗe, wanda ake sha."

Ta dube shi ta ce, "Ni ce Magajiyar Gaɓa. Filin nan teku ta daɗe tana kwana a ƙarƙashinsa, ko ka haƙa dubu gishiri za ka tarar, ni kuma na gaji da kwashe yashi. Zan ba mutanenka tsibiri guda, ka zaɓa da kanka. Amma ga sharuɗɗana, ka buɗe kunne. Rijiya ɗaya tak za ka haƙa. In ka tarar da ruwa, ka tsaya nan, kada ka ƙara ko taki guda. A rana ta huɗu da hantsi zan janye teku fiye da yadda ta saba, hanya ta buɗe daga fili zuwa tsibirin. Kafin azahar za ta rufe, ba kuwa za ta sake buɗewa ba har jikokin jikokinka su tsufa. In ka sami ruwa, ka tada hayaƙi su gani su taho. In ba ka samu ba, kada ka kira su, don wanda ya shiga ba ya fita."

Ya ce, "Na ji, na karɓa."

Ta ce, "Ji kam ka ji."

Ƙiftawar ido sai ga shi a bakin raminsa. Ya je ya zayyana wa Mai Gari Jatau abin da ya faru. Jatau ya sa aka leƙa tuluna, aka ga in an tsuke baki ruwan zai kai kwana biyar. Ya ce, "Hankurau, ranmu yana hannun Allah, sannan yana hannunka. In mun ga hayaƙi za mu taho da tsoho da yaro, ba za mu bar ko tsintsiya a nan ba."

A bakin ruwa Hankurau ya tarar da kwale-kwale, da wani aljani dogo kamar giginya a tsaye a ciki, ya jingina da gorar tuƙi yana gyangyaɗi. Shi ne Mai Fito, bawan Magajiya, shekara ɗari tara yana kai da kawowa tsakanin tsibiran nan. Ya buɗe ido ɗaya ya ce, "Shigo, ɗan Adam. Ka zauna a tsakiya, kada ka yi mini waƙa, kada ka tambaye ni ko mun kusa."

Hankurau ya ce, "Dattijo, ni ko sallama da ƙyar nake yi." Suka fahimci juna nan take.

Suka kutsa cikin wasu ƙoramu masu karkace-karkace, inda itatuwa suke tsaye a kan saiwoyinsu kamar masu tattare riga za su haye ruwa. Kifaye ƙanana suna hawa saiwoyin suna shan iska, sun zuba musu ido. Ba su yi nisa ba itatuwan suka taka suka rufe hanya gaba da baya. Wata murya ta fito daga cikinsu, ta ce, "Ba mai wucewa sai ya ɗanɗana mana abin da ba mu taɓa ci ba. Tun da aka halicce mu laka da gishiri muke tsotsa."

Hankurau ya lalube jikinsa. Ba shi da komai sai wani ƙulli a bakin zanensa, jar ƙasar da ya ɗebo daga tsakar gidan mahaifinsa ranar da suka taso. Wata bakwai yana ɗauke da ita, ya yi nufin a zuba masa a kabari. Ya kwance ya watsa a ruwa. Saiwoyi suka yi ta wawaso, hanya ta buɗe. Ya sake ƙulle bakin zanen ba komai a ciki, ya ji kamar yau ne ya bar gida.

Da yamma suka isa Tsibirin Laka. Ƙasa baƙa wuluk, irin wadda manomi zai gani yawunsa ya tsinke. Hankurau ya diro, ya nutse har ƙugu. Aljanun wurin suka leƙo daga gidajensu na kan dirka suna dariya, babbansu ya ce, "Maraba da baƙo. Zauna da mu, ƙasarmu ba ta ƙin iri. Aibinta guda ne, tana cin gida. Wannan da kake gani na takwas ne, bakwai suna ƙarƙashinsa, a na fari aka haife ni."

Hankurau ya lakaci lakar ya sa a harshe, ya tofar. Mai Fito ya miƙa gora ya fizgo shi, takalminsa ɗaya ya zauna can.

Kashegari da hantsi suka sauka a wani tsibiri na farin yashi, mai kyan gani. Hankurau ya kafa turke a tsakiyarsa, ya zauna ya huta. Wata tsohuwar aljana ta zo wucewa da tukunya a ka, tana haki. Ya gaishe ta, ya tambayi inda za ta.

Ta ce, "Murhuna nake bi, ɗan Adam. Jiya a gabas na bar shi. Iska tana ɗebe tsibirin nan daga wannan gefe tana zubawa a wancan, shekara sittin ban dafa abinci sau biyu a wuri ɗaya ba."

Ya waiwaya ya ga turkensa tsaye cikin teku, ruwa yana wasa da shi. Bai ko je ɗaukowa ba.

Daga nan sai wani tsibiri na dutse, tsaye cak kamar an kafa shi da hannu, fari fat da kashin tsuntsaye. Tsuntsayen kuwa kowanne ya kai maraƙi. Sai da Hankurau ya yi rarrafe da gwiwoyin nan nasa har ƙoli, iska tana neman ɗauke shi. Ya kafta dagi, wuta ta yi tartsatsi. Sarkin tsuntsayen ya karkato kai ya ce, "Me kake nema a ƙasa, ya kai marar fiffike? Mu daga gajimare muke sha." Hankurau ya sauko da baya da baya.

Suka bi ta mashigar wani babban kogi, inda jan ruwan tudu da koren ruwan teku suke haɗuwa suna kokawa, kowanne ya ƙi shiga ɗan'uwansa. Kwale-kwale ya yi ta juyi kamar an sa shi a faifai. Mai Fito yana dafe da gora, Hankurau yana kwarfar ruwa da ƙwarya har ya daina jin hannuwansa. Da suka fita, suka zauna suna maida numfashi.

Rana ta yi gora suka hango wani tsibiri dogo siriri, ya miƙe kamar tabarmar da aka shimfiɗa a gaban filin. Tsakaninsa da gaɓa ruwa ne kwance lumui, bayansa kuwa teku tana ta dukansa. A tsakiyarsa akwai ɗan doro, da itatuwan kwakwa, da ciyawa kore. Mai Fito ya ce, "Dogon Yashi ke nan. Daga shi sai ruwa har ƙarshen duniya."

Hankurau ya bi doron yana duba ƙasa irin yadda ubansa ya koya masa. Ya bi sawun tururuwa, ya tuge ciyawa ya shinshina saiwarta, ya kife ƙwarya a wuri uku. Da gari ya waye ya buɗe su, biyu a bushe, ta uku ta yi gumi har tana ɗiga. Ya yi bisimilla ya sa dagi.

Yashi ne, ba wuya. Ya sassaro itace ya tokare bangon don kada ya rufta. Kafin azahar, gaba biyu ba ta cika ba, ƙasa ta yi duhu, ruwa ya fara tsattsafowa ta tsakanin yatsun ƙafarsa. Ya jira ruwan ya kwanta, ya kamfata ya kai baki. Garɗi, sanyi, ba ko alamar gishiri. Tsohon nan ya zauna cikin ruwan ya yi kuka irin wanda bai yi ba ranar da suka bar gida. Ya fito ya tara busassun ganyen kwakwa da ɗanye, ya tada hayaƙi har ya tokari sama. Can nesa a kan tudun ƙaya wani hayaƙin ya tashi. Sun gani, gobe za su taho.

Da a ce ya kwanta ya yi barci a lokacin, da labarin nan ya ƙare da daɗi. Amma mahaƙi ne, ga rabin yini a gabansa, ga dagi a gefe. Ya zauna a bakin rijiyar yana leƙe. Mace mai dogon hannu ma ba ta bukatar guga. A Kwarin Gawo irin wannan ba a kiranta rijiya, tonon yara ne a bakin rafi, wata biyu da ɗaukewar damina ta ƙafe. Ya lissafa gida talatin da ɗaya, da awaki, da jakunan da suka rage. Ya tuna ubansa yana cewa ruwan farko na saman ƙasa ne, ba a dogara da shi, mahaƙin kirki yakan wuce shi ya nemo na ƙasa wanda ba ya jin rani. Haka ya yi shekara arba'in, kuma dabarar ba ta taɓa ba shi kunya ba. Ya ce a ransa, ita aljana ce, ta san teku, amma rijiya fa? In rani ya yi ta ƙafe, hanya a rufe, wa za a zaga?

Ya miƙe ya ɗauki dagi.

Mai Fito, da ke kishingiɗe a inuwa, ya ce, "Ɗan Adam, an ce ka tsaya."

"Gaba ɗaya kawai zan ƙara, dattijo. Don rani."

"Ni nawa tuƙi ne. Amma na faɗa maka."

Hankurau ya shiga ruwa har ƙirji, yana nutsewa yana kafta, yana fitowa da yashi a kwando. Can ya tarar da wata farar ƙasa mai tauri kamar daɓe, kaurinta bai fi tafin hannu ba. Ransa ya yi fari, don a gida ƙarƙashin irin wannan ake samun babban idon ruwa. Ya tattara ƙarfin da ya rage masa ya kafta sau uku. A na uku dagi ya zarce, ruwa ya bulbulo da ƙarfi har ya ɗaga shi. Ya yi dariya, ya kamfata ya kurɓa.

Gishiri. Ya fi na filin ma ɗaci.

Ya fito ya zauna. Ya dubi tokar wutar da ya hura. Hayaƙi ba a maida shi. Yanzu haka can ana ɗaure kaya, ana shanye ragowar ruwan tulu don a rage nauyi, ana ce wa yara gobe za su sha har su yi wanka. Ya ji tsoro irin wanda bai taɓa ji ba, da kunya wadda ta fi tsoron.

Ruwan rijiyar ya motsa, Magajiyar Gaɓa ta taso daga ciki har kafaɗa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Ya kai ɗan Adam, da wane harshe na yi maka magana?"

Ya kifa goshi a yashi ya ce, "Da nawa, ranki ya daɗe."

"Ruwan daɗin tsibiri ruwan sama ne da yashi ya ɓoye shekara da shekaru. Yana kwance a kan na teku kamar mai a kan miya. A tudunku wanda ya zurfafa shi ya samu, a nan wanda ya zurfafa ya kira teku. Ka huda mini rufi sau goma sha biyu na haƙura, yau kuma ka huda wa 'yan'uwanka tulu."

"Allah ya ja zamaninki, ki hana teku janyewa gobe, kada su taho."

"Na riga na ba ta umarni, ba na magana biyu."

"To ki ba ni izinin wata rijiyar."

"Ɗaya na ce."

Ya ce, "Ni na yi laifi. Akwai tsohuwa a cikinsu da ta goye ni, akwai masu shan nono. Ki ɗauki abin da za ki ɗauka a kaina."

Ta ce, "Hudar tana toshuwa in an danna mata yumɓun Tsibirin Laka kafin cikowar teku ta safe, a kuma kwarfe gishirin da ya shiga. Ba za ta koma yadda ka same ta ba. Tulu arba'in za ta ba ku a yini, in an haura, teku ta sake leƙowa. Abin da zan karɓa kuwa dagin nan ne. Mutumin da bai iya tsayawa ba, ba na bar masa ƙarfe a ƙasata. Daga yau hannunka ba zai sake haƙa ba, ko ramin shuka."

Dagin na kakansa ne, ƙotarsa ta lotsa daidai wurin yatsunsu su uku, kaka da uba da shi. Ya miƙa mata da hannu biyu. Ta karɓa ta nutse. Mai Fito ya tashi yana nishi, ya ɗauki gora ya ce, "Shekara ɗari tara ban yi hanya ɗaya sau biyu don kowa ba." Ya tura kwale-kwale ya tafi ɗebo yumɓu.

Gari na wayewa ya dawo da kwale-kwalen shaƙe da yumɓu. Hankurau ya shiga rijiya da hannu tsura. Ya cura yumɓu, ya ja numfashi, ya nutse, ya danna a hudar, ruwa ya tunkuɗo shi waje. Ya sake. Bakin farar ƙasar yana da kaifi, ya yayyanka masa yatsu, gishiri yana shiga. Ya daina ƙirga nutsewar. Sau biyu Mai Fito yana zura gora ya zaro shi don ya ga kumfa ta daina tasowa. A ƙarshe bulbulowar ta tsaya. Ya bi da yashi da tsakuwa ya binne duk abin da ya ƙara jiya, yana tattakewa da ƙafa, sannan ya kama kwarfa.

Da hantsi teku ta ja da baya, ta ja, ta ja, har wata doguwar hanya ta yashi ta fito tana ƙyalli tun daga tsibirin har fili. Can ƙarshenta wasu ɗige-ɗige baƙaƙe suka fara motsi. Hankurau yana kwarfa yana ɗanɗanawa. Gishiri. Ya kwarfa ƙwarya ɗari, ya ɗanɗana, zartsi. Ɗige-ɗigen suka zama mutane, har ya fara jin kukan awaki. Hannuwansa suka ƙi ɗaguwa, ya riƙa tallafar ƙwaryar da ƙirji. Ya kwarfe rijiyar ƙaf, ya zauna a ƙasanta yana kallon sabon ruwa yana tsattsafowa daga gefe a hankali, kamar ba ya so. Ya sa harshe. Ana sha. Can ƙarshen maƙogwaro akwai ɗan gishiri, amma ana sha.

Ya rarrafo waje. Mai Fito da kwale-kwalensa ba su nan, ko sallama babu.

Mutane suka iso, na ƙarshensu yana tako tsibirin ruwa yana lasar dugadugansa. Kafin azahar hanya ta shafe kamar ba a taɓa yi ba. Aka yi dafifi a bakin rijiya, mata suna guɗa, yara suna sha har yana zubo musu ta hanci. Ba wanda ya lura da komai, wanda ya yi wata guda yana fama da ƙishi ina zai ji ɗan wannan?

Aka sauke Marka daga kan jaki aka jingine ta da kwakwa. Hankurau ya kawo mata a ƙwarya. Ta kurɓa, ta riƙe a baki, ta haɗiye. 'Yar mahaƙi ce ita ma. Ta dubi yatsunsa, ta dubi baƙin yumɓun da ya bushe a gemunsa, ta duba bayansa ba ta ga dagi ba.

Ta yi ƙasa da murya ta ce, "Ka same shi, ka wuce, ko?"

Ya ce, "Na wuce, Yaya."

Ta shanye sauran, ta miƙa masa ƙwaryar.

Mai Gari Jatau ya zo yana fara'a, ya leƙa rijiyar ya yi dariya. Ya ce, "Hankurau, Allah ya saka da alheri, ka fid da mu. Amma wannan ai ba girmanka ba ce, ko ɗan akuya ya faɗa zai fito da kansa. Ka huta kwana biyu, in ba ka samari huɗu ku ƙara mata gaba biyar ko shida kafin rani."

Samarin da ke wurin suka ce ai ko yau a shirye suke, wani har ya fara kwance fartanya daga kaya.

Hankurau ya ja jiki ya zauna a bakin rijiyar, ya miƙe ƙafafunsa masu kumburi a gabanta. Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba mai taɓa ta. Tulu arba'in a yini, ni zan ƙirga. Wanda zai sa mata ƙarfe sai ya fara sa mini."

Aka yi ta mamaki, wasu suka ce wahala ta taɓa masa kai. Ya ba su labarin yumɓu da farar ƙasa, suka gyaɗa kai don ladabi, amma mutanen tudu ne, a ransu ba su yarda ana ƙin zurfi ba. Duk rani in ruwa ya ja baya, sai wani mai ƙarfi a jika ya taso da fartanya da kyakkyawar niyya, ya tarar da tsohon a zaune. Shekara goma sha tara ya yi a wurin, rana da iska, ba ya zuwa suna, ba ya zuwa biki, ko jana'izar Marka daga bakin rijiya ya yi mata addu'a, don a ranar ma ya ga wani yana zagaye da diga. Yaran da aka haifa a Dogon Yashi sun taso ba su san ya taɓa haƙa komai ba. Abin da suka sani, akwai wani tsoho mai faɗa da ke hana mutane gyara rijiya.

Iyakar abin da ya iso gare mu ke nan na labarin Hankurau.